Iya Fanne Mai Gajeriyar Shinkafa

Da zarar shinkafa ta fara fitar da kai a fadamar Danchuwa, kullum da hantsi za ka ga Iya Fanne cikin ruwa, da tsummoki a hannu. Ba ta kallon dogayen nan masu rangaji. Gajera take nema, mai kaurin kara, ta ɗaura mata tsumma. Ranar yanka ta ware waɗannan daban, ta zuba a tulu ta liƙe da laka.

Mu kuwa tun kakanni, daga mafi tsayi ake cirar iri. Ni Zarami, da na ga yunwa biyu da shekarar fara ban mutu ba, daga nan har Nangere babu wanda ya kai ni zaɓen iri. Ni na fi kowa yi mata dariya.

"Fanne, shinkafar taki a zaune take ko a durƙushe?"

"A tsaye take, Yaya Zarami. Taka ma Allah ya bar ta a tsaye."

Abin bai zo mata da sauƙi ba. Ta shuka gajera, sai dogaye su ɓullo a ciki. Ta ce jinin kakanni ne, yadda gajeren mutum kan haifi dogo. Sai ta tuge su tun ba su yi fure ba. Damina bakwai tana haka kafin gonar ta daidaita, duk iya cinya.

Shekarar da aka kwashi samari yaƙin Bama, saura kwana goma yanka, aka yi ruwa da iska. Tamu duk ta kwanta cikin laka ta ruɓe. Ba ta tuwo ake ba, irin baɗi ma babu. Gonar Fanne kaɗai ke tsaye.

Ko mudu ɗaya ba ta kai kasuwar Potiskum ba. Gida-gida ta bi da ƙwarya tana rabon iri. Da ta zo nawa ta ce, "Ga ta durƙushen, Yaya."

Ke ce, Fanne, kika sunkuya lokacin da duk muke ɗaga kai. Bana gwiwa ta hana ki shiga ruwa, kin miƙa wa 'yarki Baraka aikin. Mun gode, uwar iri. Allah ya ƙara lafiya.

Ku masu fadama, ku koyi sunkuyon nan. Ni dai tsohuwar rigata tuni ta zama tsummoki.