Ciwon da Na Jingina wa Matata

Edita, ka ba ni ɗan fili a shafin masu karatu in sauke abin da na daɗe ina riƙe da shi. A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin ni magidanci ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ina aiki a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri, ina hayar ɗaki biyu a Sabon Tasha da matata da 'ya'yanmu huɗu. Mutum ne ni mai tsokana. A wurin aiki ba wanda ya tsira daga bakina, mai tumbi na raɗa masa suna, mai sanƙo na raɗa masa. Shi ya sa da abin ya zo kaina, na san irin dariyar da ke jirana.

Wata rana mun tashi daga aikin safe, ina cuɗa jiki a wurin wankan ma'aikata, sai yatsuna suka ci karo da wani ƙullutu a ƙarƙashin kan nonona na hagu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ba ya ciwo. Na ɗauka maruru ne, na sayi kafso a kemis na sha, na yi ta shafa man zafi har fata ta saɓule. Wata biyu, wata uku, abin sai ƙara tauri yake, kan nonon ya shige ciki, wani lokaci in ga ɗigon jini a singileti. Na daina wanka a masaƙa. A gida ma na daina tuɓe riga, ko a zafin bazara, na ce sanyin ƙirji ke damuna. Na koma wanke singiletina da kaina, matata tana ta yabo wai na zama mijin zamani. Ni kuwa tsoro ya cika ni, don ina yaro na ga yadda ciwon daji ya cinye nonon goggona a ƙauye har ta rasu. Amma a sanina wannan ciwon mata ne. To ni me ya haɗa ni da shi? Na yi zargin jifa, na yi zargin rini, har na fara zargin ko halittata ce ba ta cika namiji ba.

Da abin ya ishe ni, na je ɗakin shan magani na masaƙa da niyyar faɗin gaskiya. Nas ɗin da ke wurin dattijuwa ce 'yar Filato, Sista muke kiranta, kuma cocinmu ɗaya, tana cikin zumuntar mata tare da matata. Labule kaɗai ya raba mu da masu jiran layi, ina jin muryar abokan aikina biyu a bayansa. Da ta tambaye ni abin da ya kawo ni, sai na ji bakina ya ce matata ce ke da ƙullutu a nono. Ta ajiye biro, ta shiga jero mini tambayoyi, wane ɓangare ne, yana motsi in an taɓa, akwai jini, akwai kaluluwa a hammata. Na amsa su duka ba gargada, har ta ce da maza duka na lura da matansu haka da an huta. Na roƙe ta ta ba ni magani in kai gida. Ta ce ita ba ta ba da magani ga nonon da ba ta gani ba, in kawo mata mai ɗakina gobe da safe.

Ban kai kowa ba. Mako biyu ina wasan ɓuya da Sista, ranar Lahadi ana gama addu'ar rufewa in sulale ta ƙofar gefe. Wata Asabar da yamma ina zaune a baranda, matata tana tsintar wake, sai ga mata uku sun yi sallama cikin zanen zumunta, Sista da shugabarsu da wata tsohuwa, kowace da littafin waƙoƙi a hannu. Duk wanda ya san matan zumunta ya san ba sa jiran gayyata in sun ji ɗayarsu ba lafiya. Suka rera waƙa, suka sa matata ta durƙusa a tsakiya, suka ɗora mata hannu suna roƙon Ubangiji ya warkar da ita. Baiwar Allah tana ta cewa amin, tana satar kallona ko zan yi mata bayani. Ni kuwa na kafa wa ƙasa ido. Bayan addu'a Sista ta ja matata ɗaki.

Ba su daɗe ba suka fito. Sista ta shaida wa sauran cewa ta duba ba ta ga komai ba, suka yi guɗa, suka ƙara waƙar godiya, ta ce su yi gaba za ta same su. Sai da suka fice ta juyo kaina. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce wanda ya kwatanta mata wannan ƙullutu da yatsunsa ya taɓa shi, ba sau ɗaya ba, don haka in tuɓe riga. Na tuɓe. Matata ta dubi ƙirjina ta fashe da kuka, amma kukan ɓacin rai ne. Ta ce ashe na gwammace in bar ta da marayu huɗu da a ce 'yan sashen rini sun yi mini dariya. Gaskiya ta faɗa, don abin da na zaɓa ke nan.

Sista ta rubuta mana takarda, ranar Litinin matata ta tasa ni gaba zuwa babban asibiti a cikin gari. Ni kaɗai ne namiji a bencin masu jira. Likita ya duba ni, bai ko yi mamaki ba. Ya ce maza ma suna kamuwa, ba su dai da yawa, kuma abin da ke kashe su shi ne sai ya fashe suke zuwa. Aka yanki ɗan nama aka aika Zariya don gwaji. Sakamako ya dawo ciwon daji ne, amma bai kai ga hammata ba. Da na ji haka sai na zauna ina dariya ina hawaye. Aka yi mini tiyata aka cire wurin gaba ɗaya, na daɗe ina komawa ana duba ni. Matan zumunta da suka ji gaskiyar zance ba wadda ta goranta mini, sai kwanukan gwaten acca da suka yi ta kawowa asibiti. Abokan aikina uku suka ba da jini. Da na koma masaƙa sun tsokane ni kwana biyu, a na uku suka sami wani abin yi. Wannan ce duk dariyar da na kusa mutuwa a kanta.

Yau ina nan da raina, na aurar da 'ya'yana, na ɗauki jikoki, kuma ina gode wa Allah da ya sa ƙaryata ta faɗa hannun matar da ba ta mantuwa. 'Yan uwana maza, ƙirjinmu ma nama ne. Wanda ya ji ƙullutu, ko ya ga kan nono ya shige, ko jini na fita, kada ya tsaya kemis, kada ya aiki kowa, ya kai kansa asibiti ya buɗe riga. Kafin nan ma ya fara gaya wa matarsa. Tabon tiyata bai taɓa sa ni jin kunya ba. Abin da har gobe nake jin kunyarsa shi ne matar da ta durƙusa tana cewa amin a kan ciwon da ba nata ba, ni kuma mai ciwon ina zaune ina kallo.