Farcen Malam Shu'aibu

Injin matse fata ya cinye hannun daman Malam Shu'aibu tun yana saurayi, a wani kamfanin jima da ke Challawa. Aka ba shi tsintsiya, ya koma sharar kwatar kamfanin da hagu, har ya ajiye aiki bana.

Ba sharar ce ta sa ake jinjina masa ba. Duk Juma'a kafin masallaci yakan jefa reza a aljihu, ya hau Keke Napep ya nufi gidan duk wanda inji ya taɓa, ko a Sharada ko a Bompai. Mai hannu ɗaya ba ya iya yanke wa kansa farce, kowa ya sani. Matarsa Aina'u tana nan, amma ya hana ta yanke masa.

Haka ya je wa Idrisu, matashin da injin roba ya raba da hannun hagu. Yaron ya juya wa duniya baya, ya daina cin abinci, 'yan dubiya sun gaji da ba shi haƙuri. Malam Shu'aibu ya zauna bakin katifa, ya ɗora masa hannunsa a gwiwa.

"Ni ba jaje na zo ba. Tashi ka yanke mini farce."

"Baba, ba ku ga yadda nake ba?"

"Na gani. Dama gare ka, ni hagu. Wa ya fi wani? Yi sauri, kar ka sa in rasa huɗuba."

Idrisu ya karɓi reza hannu na rawa, ya yanke shi a ɗan ali har jini ya zuba. Malam ko gezau. Ya ce, "Aikin banza ka yi. Ci tuwo hannunka ya tsaya, Juma'a ina dawowa." Mahaifiyar yaron ta shaida cewa ranar ya nemi abinci da bakinsa. Yau Idrisu yana sayar da lemo a ƙofar kamfani.

Maganar Malam ɗaya ce: ciwo ba ya kashe zuciya, sai in mutum ya ga babu mai jiran sa. Masu cewa taurin kai ne, to, taurin kai ne. Su me suka kai ban da "sannu"?

Malam Shu'aibu, kai ne ka ƙi a tausaya maka, ka ɗauki hannu guda da ya rage ka miƙa wa masu rawar hannu. Bango madafar nakasassun inji, mun gode, Allah ya biya ka. Ku kuma, in kun je dubiya, ku tafi da abin da mara lafiya zai yi muku.

Yankan nan da Idrisu ya yi wa Malam, ruwan kwata ya shige shi a wurin shara, ya ruɓe, likita ya cire ɗan alin. Idrisu ya zo yana kuka. Malam ya miƙa masa reza ya ce, "Share hawaye. Saura huɗu, aiki ya yi maka sauƙi."