Fadamar da Na Zaɓa wa Baba Mai Jaka

Na tsufa, abubuwa da yawa sun zube mini, sunayen jikokina ma sai na lalubo. Amma tseren da na shirya a dajin Birnin Gwari zamanin Turawa, wannan kam sai dai a binne ni da shi.

Lokacin ina saurayi, malamin daji ne ni a En'e, wato hukumar gargajiya, an turo ni daga Zariya. Ga gajeren wando, ga adda a kugu, ga jin kai sai ka ce ni na shuka dajin. A garin akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Jaka. Shi ke ɗaukar jakar wasiƙu da ƙafa, ya bi ta Dogon Dawa har Zariya, ya dawo, rani da damina. Mahaifiyata da ke Zariya ba ta rubutu, saboda haka a bakinsa take ba da saƙo. Sai ya zauna a ƙofar ɗakina ya zazzage mini shi yadda ta faɗa, har da faɗan ban yi aure ba. In ya gama, ya zaro ƙullin daddawarta daga ƙarƙashin takardun gwamnati. Ni dai ina ƙaunar mutumin nan.

Sai aka kawo mana sabon Di'o, Baturen mulki, mai son gudu. Kullum da safe za ka gan shi yana sheƙa gudu ba abin da ya koro shi, mutane na yi masa addu'ar samun lafiya. Da ya ga furfurar Baba, sai ya ce jakar nan ƙafar saurayi take buƙata. Dattawan gari suka roƙa, a ƙarshe aka tsaya a kan tsere: wanda ya riga kowa dawowa shi ke da jaka, kuma Baba ma ya shiga. Baba ba shi da gona, rayuwarsa duk a hanya ta ƙare. In jakar nan ta bar kafaɗarsa, tuwon gidansa ya tafi.

Ni aka ba aikin fitar da hanya, tun da ni na san dajin. Kwana huɗu ina yawo da bokitin farar ƙasa ina shafa wa itatuwa alama. Za a tashi daga bakin kasuwa, a miƙi hanyar Kakangi, a karya cikin daji, a zagayo gida, tafiyar da mai sauri kan fita da hantsi ya dawo da azahar. Na kafa zango uku, kowanne da tulun ruwa da mutumin da zai ɗaura wa mai gudu igiyar kaba a hannu, shaidar ya bi ta nan.

A zango na ƙarshe ne Shaiɗan ya yi mini raɗa. Akwai hanyar tudu, busasshiya, akwai kuma wata fadama mai taɓo. Ana tsakiyar marka, ruwa kullum. Na san samari za su fi Baba sauri a tudu, amma a taɓo babu mai kama ƙafarsa, don ya san inda ake takawa. Sai na bi da farar ƙasata ta tsakiyar fadamar. Ina cikin shafawa wani Bafulatani mai ruga a wurin ya tsaya, ya jingina da sandarsa yana kallona.

Ya ce, "Malam, mutane za ka bi da su ta nan? Mu ko saniya ba ma bari ta shiga."

Na ce, "Aikin gwamnati ne."

Ya ce, "To, madalla," ya kora shanunsa. Har yau in na tuna amsar nan tawa sai kunya ta kama ni.

Ranar tsere an kwana ana ruwa, da safe kuma yayyafi. Samari kusan ashirin suka jeru, Baba a gefe da ɗan bantensa da sandarsa. Ban tsaya jin usur ɗin Di'o ba, na yanke ta gajeriyar hanya na je na riƙe zango na uku da kaina, a hayin fadamar, da damin kaba a hannu.

Na daɗe a tsaye kafin na hango su. Duk sun zama kala ɗaya, laka tun daga ƙafa har gashin ido, uwar mutum ma ba za ta gane ɗanta ba. Abin da ya ba ni mamaki, Baba ne na biyu, numfashinsa a daidai. A gabansa kaɗan akwai wani saurayi ɗan Kakangi, ɗan maƙeri, ƙaƙƙarfa, wanda matarsa ke da tsohon ciki. Da suka iso bakin fadama, Baba ya dubi alamata, ya ɗago ya dube ni. Sai ya kauce hagu, ya riƙa taka gindin jema, irin ciyawar nan mai tushe da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, har ya haye. Ya miƙo mini hannu in ɗaura kaba. Zuciyata fari tas, na ce aiki ya yi kyau.

Ban gama ƙulli ba muka ji ihu. Saurayin nan ya bi farar ƙasata sak, yadda aka umarce shi. Taɓo ya kama shi zuwa kugu, yana ta fafutika, yana ƙara nutsewa.

Baba ya fizge hannunsa, kabar ta faɗi. Na ce, "Baba, ka wuce, ni zan ji da shi!" Ko waiwaye bai yi ba.

"Kai yaro, daina motsi! Kwanta da baya, buɗe hannuwanka! Malam, saro mini rassa, maza!"

Na jefar da damin kaba na kama sara. Baba ya shimfiɗa rassan, ya kwanta rub da ciki a kansu, ya ja jiki har ya miƙa masa sanda. Taɓo ya kai wa saurayin ƙirji, yana kiran sunan Allah yana kiran na matarsa. Sauran masu gudu suka iso, suka ga sawun Baba a kan jema, suka bi, kowa ya ɗebi kabarsa a ƙasa. Biyu suka tsaya taimako, sauran suka wuce, ban kuma ga laifinsu ba, kowa da yunwar gidansa. Sai ga Bafulatanin nan da igiyar shanu. Ya wuce ni ya jefa wa saurayin ita, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Muka ja, muka ja, har taɓon ya sake shi. A wurin jan ne gwiwar Baba ta gurɗe, na ji ƙarar da kunnena.

La'asar sakaliya muka shigo gari, Baba rataye a kafaɗata da ta saurayin. An riga an ba wani jaka, ana ta yi masa kiɗa. Na je na faɗa wa Di'o gaskiyar abin da na yi. Ya wanke ni tas da faɗa, amma ya ce mai gurɗaɗɗiyar gwiwa ba ya kai wasiƙa Zariya. Maganar ta mutu a nan.

Bayan kwana biyu na je gaishe da Baba. Yana zaune a zaure, an ɗaure ƙafar. Na durƙusa na ce, "Baba, don kai na yi."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Tun da na ga farar ƙasa a bakin fadama na sani." Sannan ya ce, "Yaran nan duk sun ƙone ƙarfinsu tun zango na biyu. Da tudu ka bi da mu, da a nan zan wuce su. Ka ƙaunace ni, amma ba ka yarda da ƙafata ba. Kuma ka kusa sa ni cin tuwo da ran ɗan wani."

Na yi kuka a zauren nan kamar ƙaramin yaro. Shi ne ma ya riƙa ba ni haƙuri.

Baba bai ƙara gudu ba. Saurayin nan ya yanka masa gona a Kakangi, da matarsa ta haihu kuma sunan Baba aka sa wa yaron. Ni ma na yi abin da zan iya har ya bar duniya, amma ban iya mayar masa da gwiwarsa ba. Saƙon mahaifiyata kuwa ya koma zuwa a takarda, da rubutun wani, ba faɗa, ba daddawa.

Tun daga ranar na gane cewa tausayin da za ka yi wa mutum a ɓoye, ka karkata masa hanya ba da saninsa ba, raini ne a cikinsa, kuma wani ne zai biya. In kana son mutum, ka bar masa hanya a miƙe, ka tsaya a gefe ka yi masa addu'a.