Darlene Pelto da Dutsen da Babu a Taswira

Wata uku ke nan ina juya wata tambaya a raina, har yau ban sami inda zan ajiye ta ba. Idan abin da zai kare rayukan mutane yana aljihun wani, ya ƙi bayarwa, kai kuma kana da hanyar zare shi ba tare da ya sani ba, ka zare ne ko ka jira? Darlene Pelto ta jira. Ko ta yi daidai, ban sani ba. Yadda ta yi jiran ne ya sa na ɗauki alƙalami a wannan makon da ta ajiye aiki.

Shekara talatin da ɗaya, daga lokacin da ƙanƙara ta saki tafkin Superior har ƙarshen Satumba, ƙarfe biyar da rabi na safe Darlene take buɗe ɗan ɗakin katakon da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Rauha. Ta ɗora kofi, ta kunna oba-oba, rediyon magana da jirage, ta tsaya a taga tana karanta fuskar ruwa kamar ta maƙwabci mai saurin fushi. Duk mai fita sai ya biya ta wajenta ya faɗi sunan jirginsa, mutum nawa ya ɗauka, ƙarfe nawa zai dawo, ta rubuta a allo. In an yi haɗari, ko farfela ce kawai ta karye ba wanda ya jiƙe, sai ta zaunar da mutum ya cike fom ɗin rahoto kafin ya ga ƙofar gidansa.

Abu guda ne ya ba ta wuya da fari. Masuncinmu ba ya faɗin inda yake kafa taru. Uba ne ke faɗa wa ɗansa, shi ma sai ya tabbatar ƙofa a rufe take. A shekararta ta biyu injin wani dattijo ya mutu a tsakiyar ruwa, ta tambaye shi ta oba-oba inda yake, ya ba ta wurin ƙarya don sauran masunta na sauraro. Awa biyar masu ceto suna nemansa inda ba ya nan.

Washegari ta kawo gwangwanin kofi ta ajiye a kan tebur. Kowane masunci ya rubuta ainihin inda ya nufa a 'yar takarda, ya ninke, ya jefa. In ya dawo lafiya, ta miƙa masa abarsa a ninke. Sai in ya makara take buɗewa. Shekara biyar ta yi kafin su yarda ba ta leƙawa. Daga nan zuwa yau, mutum goma sha ɗaya aka dawo da su da rai ta dalilin gwangwanin nan.

Ke ce mai gwangwani, Darlene. Ke ake ba wa sirrin garin nan kullum safiya, ki mayar da shi da yamma ba ki taɓa ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa jefa takarda ba, wato Reino Pelto, ƙanin marigayi mijinta. Mijin Darlene saran katako ya yi a daji, saboda haka wurin kamun kifin gidansu ya faɗo hannun Reino shi kaɗai. An san dai wani wuri ne yamma da Dogon Tsibiri, ba wanda ya san daidai ina. Kullum sai ya leƙo ya sha kofinta.

"Ina kwana, matar yaya. Har yanzu ana tara baiko a gwangwanin?"

"Ana tarawa. Kai kaɗai ne marowacin cocin nan."

"Shekara hamsin ina fita ina dawowa ba takarda."

"Ranar da ba ka dawo ba fa, wa zan tambaya? Kifi?"

"Tambaye su mana. Sun fi mutanen garin nan riƙe magana."

Shekara tara da suka wuce ya dawo da ƙasan jirginsa a tsage, ya ce gungumen itace ya buga. Darlene ta rubuta gungume, tunda haka mai jirgi ya faɗa. Amma ta ga ƙarfen a goge kamar an ja shi a kan dutsen niƙa, sai ta ajiye kwafin rahoton daban a durowarta.

A tsakiyar Yunin bana wani malamin makaranta daga kudu, Curtis Bellamy, ya yi hayar ƙaramin jirgi shi da matarsa Yvonne. Rana tsaka, ruwa kwance kamar faranti, sai ga muryarsa a oba-oba yana cewa sun bugi wani abu, ruwa yana shigowa. Masu shan kofi a ɗakin sun ce muryar Darlene ko rawa ba ta yi ba.

"Malam Curtis, rigar kariya tukuna, kai da ita. Kun sa? Yauwa. Ku ɗaure kanku da igiya ɗaya. Yanzu faɗa mini abin da kake gani."

Ya ce tsibiri yana hannunsa na dama, can nesa. Daga nan rediyon ya yi shiru. Ta kira masu ceto, ta juyo da masunta biyu daga hanyarsu, ta duba iska ta ce musu kada su nufi inda aka yi kiran, su tari gaba inda ruwa zai kai mutanen. Bayan awa ɗaya da minti goma aka tsamo su. Ruwan Yuni a nan ɗan'uwan ƙanƙara ne. Curtis ya yi mako biyu a asibiti, har yau hannunsa na dama ba ya riƙe alli yadda ya kamata.

Jirgin ya yi yawo kafin ya nutse, ma'auratan kuma ba su iya nuna inda suka yi karon ba. Taswira ta ce zurfin ruwan wajen, yamma da Dogon Tsibiri, ya fi ƙafa ɗari, babu dutse. Hukumar ruwa ta ce in aka ba ta lambobin da ke nuna wurin a taswira za ta dasa alama cikin mako guda. In babu, sai baɗi, in jirgin awon zurfin ruwa ya iso.

Darlene ta sami Reino a rumfar da yake ƙyafa kifi.

"Ba gungume ba ne, ko?"

Ya ci gaba da jera kifi a kan waya.

"Kan dutse ne, a gindinsa kifin ke taruwa. Ba ni lambobin, Reino."

"A dasa jan tulun alama a can, kowane ɗan birni mai sandar ƙugiya ya zo ya yi sansani a kai? Shekara uku ko ƙaya ba za su bari ba. Babanmu rantsuwa ya sa ni."

"Babanku bai ga hannun malamin nan ba."

"Wa ya aike shi can?"

"Taswira. Ita ta ce masa babu komai."

"Ba zan bayar ba, Darlene. Kada ki sake tambayata."

"Ba zan sake ba," in ji ta. "Amma za ka riƙa jin muryata."

Daga washegari, ƙarfe shida na safe da ƙarfe goma sha biyu na rana, sai ta danna oba-oba ta karanta sanarwa guda: akwai dutse a ƙarƙashin ruwa yamma da Dogon Tsibiri, ba a san daidai inda yake ba, kowa ya kauce wa mil biyar na wajen. Ta zana wajen da ja ta manna a ƙofa. Duk baƙon da ya hayi jirgi sai ta sa ya ɗora yatsansa a kan jan zanen ya ce ya gani. Masu ba da haya suka yi ta ƙorafi, suna cewa ta rufe musu rabin tafki saboda dutse ɗaya. Ta ce su kawo mata dutsen ta buɗe musu.

A watan Yuli na'urar da ke nuna wa Reino hanya ta samu matsala, ya kai wa Dale Tervo, makanikin tashar. Dale da bakinsa ya ba ni wannan labari. Ya ce ya kunna ta ya ga duk inda jirgin ya taɓa zuwa a jere, sai ya ruga wajen Darlene.

"Anti, Allah ya kawo mana sauƙi. Abin yana kan teburina. Minti biyu na kwafo miki."

"Ya ce ka ba ni?"

"Haba Anti, Reino ne fa. Rai ake magana."

"Na san abin da ake magana, ni na ji muryar mutumin nan tana yankewa." Ta ɗora hannu a kan gwangwanin. "Takarda goma sha huɗu ce a nan yau. Ranar da aka ji ɗakin nan ya saci wurin mutum, gobe gwangwanin nan wayam. Sai mu koma neman mutane inda ba sa nan. Je ka gyara masa abinsa, ka rufe."

A nan tambayata ta tsaya mini a wuya. Da wani baƙo ya ƙi jin sanarwa, ya je ya bugi dutsen da 'ya'yansa a ciki, me za mu ce da ita? Da takardu goma sha huɗu za a yi wa uwarsu ta'aziyya? Ita ma ta san wannan. Dale ya ce duk ranar da jirgi ya doshi yamma, tsaye take yini da madubin hangen nesa, abincinta na sanyi a gefe. Sau biyu a watan Agusta ta juyo da jirage daga bakin jan zanen, tana kiran sunansu ba ƙaƙƙautawa har suka gaji suka karkata. Ba ta ɗauki hutu ko na kwana ɗaya ba, har ranar auren jikanyarta sai da ta karanta sanarwar rana sannan ta tafi coci. Jiran nata ba na naɗe hannu ba ne. Ta zaɓi hanya mai nauyi, ta kuma ɗauki nauyin da kanta.

Mun gode, Darlene. Mun gode da mutum goma sha ɗaya, da Curtis da Yvonne, da waɗanda ba su ma san an cece su ba don sun ji sanarwa sun kauce. Ku kuma masu fita ruwa, a nan ko a wata tasha, ku faɗa wa wani inda kuka nufa. In kun bugi abu, ku rubuta abin da kuka buga da sunansa na gaskiya. Wanda zai bi bayanku bai ci muku komai ba.

Ranar ƙarshe ta Satumba ita ce safiya ta ɗari da shida da take karanta sanarwar. Daga baɗi wata matashiya ce za ta zauna a kujerar. Mutane sun cika ɗakin da burodi mai zaƙi da ƙyafaffen kifi, saura minti biyar ƙarfe shida ta buga, sai ga Reino. Bai nufi kofi ba.

"Dale ya ce kwana huɗu na'urata ta yi a teburinsa."

"Dale ya cika surutu."

"Ya ce kin kore shi."

"Ban kore shi ba, aiki na tuna masa."

Reino ya dubi jan zanen da ke ƙofa. "Muryar nan taki ta hana ni jin daɗin kifina tun Yuni. Yarinyar da za ta gaje ki ma haka za ta riƙa yi?"

"Na rubuta mata sanarwar da manyan baƙaƙe."

Ya ja tsaki, ya zauna. "Ba ni biro, matar yaya."

Ya rubuta lambobi layi biyu a 'yar takarda. Darlene ta tura masa gwangwanin kamar yadda ta saba yi wa kowa. Ya kawar da shi gefe, ya shimfiɗa takardar a gabanta a buɗe.

"Wannan ba ta ninkewa ba ce. Karanta musu." Ya nuna durowar da haɓa. "Ki ɗauko mini wancan tsohon rahoton kuma. Akwai gungumen da zan goge."

Ta ɗauko ta ajiye masa. Sannan ta gyara tabarau, ta jawo takardar kusa, ta danna oba-oba.