Kabo da Akwatunan Wutar Inna

A Sukuntuni, idan aka ga buhun gero an ɗaure bakinsa da ƙulli uku, na ukun a karkace, ba a tambayar mai shi. Na Kabo ne. Tun yana saurayi yake wannan ƙulli, kuma bai taɓa koya wa kowa ba, har matarsa Haulatu. Ba wai an taɓa yi masa sata ba ne. Shi dai yakan ce wanda bai duba ba, shi ne bai san an taɓa ba.

Manomi ne ɗan manomi. Da damina gero da dawa da wake, da rani kuma ɗan lambu a bakin fadama, inda yake kora ruwa daga fangali zuwa fangali. Sahun gaba yake salla, amma takalmansa na gabansa. Idan ka gaishe shi da fara'ar da ta fi ta jiya, to ka ba shi aikin wuni, don sai ya gano abin da kake nema a wurinsa.

Yana da ƙane guda, Ɗanmaliki, mai ɗan shagon kayan masarufi a Kankia, mutum mai yawan dariya. Bayan rasuwar mahaifinsu sun ci gaba da noma gandu ɗaya, har wata shekara da Kabo ya leƙa rumbu ya ga kamar ya sauka da wuri. Bai ce an ɗiba ba. Bai kuma ce ba a ɗiba ba. Da kaka ta zagayo aka raba gona, aka raba tukunya, aka ja katanga a tsakar gida. Katangar ta zo ta ci karo da ɗakin mahaifiyarsu, Inna Zuliha, sai magini ya tsaya nan, ya zagaya ya ci gaba ta baya. Rumfar ƙofar ɗakin Inna ta zama wuri ɗaya tilo da kowane ɓangare ke shiga ba tare da ya bi ta waje ba. Yau kwanon tuwonta ya fito daga gidan Kabo, gobe daga gidan Ɗanmaliki.

Kabo ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma cika yi masa magana kai tsaye ba. In tana da zance da shi, sai ta faɗa wa kaji, ko bango, shi kuma ya tsinta.

Haka aka zauna har ciwon suga ya kama ta. Likita ya ɗora ta kan allura kullum, ya ce ruwan allurar sanyi yake so, in zafi ya dafa shi ya zama ruwan banza, kuma ido ba ya gane wanda ya lalace. Wannan magana ta ƙarshe ita ta tsaya wa Kabo a rai. Abin da zai lalace ba a gani ba, ai shi ne irin abin da ya yi rayuwarsa yana gadi.

Rauda, 'yar Kabo da ke aure a Katsina, ta aiko da ƙaramin firij. Wutar gari kuwa ba abar dogaro ba ce. Dama kowane gida na da akwatin wuta, irin mai hannu da ake ɗauka kamar jarka, a cika shi da farantin sola da rana, a yi cajin waya ko a kunna fanka. Aka gwada na Kabo, bai kai firij ɗin safiya ba. Aka gwada na Ɗanmaliki, shi ma haka. Ɗanmaliki ya ɗauko Kamalu mai gyaran sola daga Kankia. Kamalu ya ajiye akwatunan a rumfar Inna, ya haɗa su da wata baƙar waya mai kauri, ya soka firij a jikin na Ɗanmaliki, ya yi bayani da sauri rabi da Turanci, ya hau babur ya tafi.

Kabo ya kalli wayar nan. Tun da aka ja katanga, babu abin da ya haɗa kayansa da na ƙanensa sai ita.

"Wanga Kamalu," in ji shi, "abokinka ne?"

"Yaya, mai gyara ne."

"Na ji. Abokinka ne?"

Ɗanmaliki ya yi dariya. Kabo ya ajiye dariyar a ransa.

A goshin kowane akwati akwai 'yan sanduna masu haske da ke nuna sauran wutar da ke ciki. Washegari bayan ya dawo daga masallaci, Kabo ya durƙusa ya duba. Nasa saura sanda guda. Na Ɗanmaliki kuwa kusan cike, kamar ba a taɓa ba. Kashegari haka. Jibi ma haka.

Bai gaya wa kowa ba. Ya fara da abin da ya sani. A lambu, ruwa ba ya hawa tudu, fangalin da ke ƙasa shi ke shanye na sama. Ya lura daɓen rumfar ya ɗan gangara wajen da aka ajiye na Ɗanmaliki. Sai ya kife turmi, ya ɗora akwatin ƙanensa a kai, ya bar nasa a ƙasa. Inna na zaune tana tsinke zogale, ta ce wa wata kaza, "Yau kuma akwati aka naɗa sarauta." Da safe nasa ne dai ya zube.

Sai ya koma dabarar bakin rumbu. Ya ɗebo rairayi ya baza kewaye da akwatunan, ya share shi sumul da tsintsiya, don ya ga sawun mai zuwa satar caji. Da ya dawo duba, sawun kaji ne, da na ƙadangare, da na Inna mai jan ƙafar hagu. Wannan bai kwantar masa da hankali ba. Ɓarawon da ba ya barin sawu ai ya fi mai bari.

Ranar kasuwar Kusada ya hau mota ya tafi, don can Ɗanmaliki ba shi da abokai. Ya sami wani mai sayar da kayan sola, ya gaishe shi, ya taya fitila bai saya ba, sannan ya ce, "Wani maƙwabcina ne ke da tambaya." Ya zana masa akwatunan a ƙasa da tsinke.

Mutumin ya duba ya ce, "Baba, ai a bayyane yake. Wanga na baya shi ke ciyar da na gaba. Duk abin da firij ya sha a jikin na gaba, na baya ya mayar masa."

"Ciyar da shi yake?"

"Ƙwarai."

"To in maƙwabcin nawa na son a juya fa?"

Mutumin ya nuna masa ramin da wuta ke fita da wanda take shiga. Kabo ya sa ya maimaita, sannan ya shafe zanen da ƙafa.

A mota ya yi niyyar zare wayar gaba ɗaya ya kwashe kayansa. Da ya iso rumfar ya ji firij na ɗan gurnaninsa, hannunsa ya ƙi. Sai ya juya haɗin kawai: firij a jikin nasa, na Ɗanmaliki a baya. Ya sauke akwatin daga kan turmi.

Da safe nasa cike, na Ɗanmaliki saura sanda guda. Kabo ya zauna a kan turmin yana jiran rigima, ya ma shirya amsoshinsa. Ɗanmaliki ya shigo ya gaida Inna, ya gaishe shi, ya duba akwatunan.

"Af, yau nawa aka fara sha," ya ce. Ya ɗauka ya kai rana.

Shi ke nan abin da ya faɗa. Kabo ya wuni bai ji daɗin fura ba. Mutumin da aka zuƙe wa wuta ya yi shiru, lalle akwai abin da ya taka.

Ana nan sai damina ta yi nisa, aka shiga marka. Sama ta rufe, yayyafi ba ya tsayawa, farantan sola suna kwance kamar faifan da ba kowa. Akwatunan ba su cika ba. Wata safiya Kabo ya zo ya tarar na Ɗanmaliki ya mutu murus, nasa kuma, wanda tun da ya juya haɗin bai taɓa motsi ba, ya sauka har saura sanda biyu. Firij na nan yana gurnani.

Inna ta watsa wa kaji tsaki, ta ce musu, "Marigayi rumbu biyu yake yi. Ɗaya a ci, ɗaya a liƙe bakinsa da laka, na tsimi, sai ruwa ya sauka a buɗe. Ban taɓa jin rumbun da aka fara ci ya kai ƙarar ɗan'uwansa ba."

Kabo ya sake duba sandunan akwatinsa.

Ɗanmaliki ya naɗe mataccen akwatinsa a leda, ya ɗaure a bayan babur. "Yaya, bari in kai shi Kankia a cika a janareta. Kafin azahar na dawo. Naka ya riƙe mana."

"In bai riƙe ba fa?"

"Allah zai riƙe."

"Shago za ka buɗe?"

Ɗanmaliki ya dube shi, wannan karon bai yi dariya ba. Ya tayar da babur.

A ranar Kabo bai je gona ba, ga ciyawa na jiransa. Ya jawo turmi gaban firij ya zauna. Haulatu ta leƙo da wayarta a hannu.

"Malam, ɗan caji kaɗan, in kira Rauda."

"Koma da ita."

"Akwatin gidanmu ne fa."

"Yau ba na gidan kowa ba ne."

Matar Ɗanmaliki ta zo za ta saka kwanon nono ya yi sanyi, ya ce ko murfin kada a taɓa. Ya samo tsofaffin buhunan algarara ya lulluɓe saman firij ɗin da gefensa, ya bar bayansa ya sha iska. Sanda biyu ta koma ɗaya. Ya yi sallar azahar nan cikin rumfa, yana sallamewa ya juya ya duba.

Azahar ta wuce babu Ɗanmaliki. Kabo ya fara lissafinsa. Ya gan shi a zuci zaune a shago yana auna wa mutane sukari, akwatin na gefe yana juya masa fanka. Ya ga Kamalu ya zo suna hira, suna dariya. Wa suke yi wa dariyar, ba sai an faɗa ba. Sandar ƙarshe ta fara ƙyaftawa. Ana kiran la'asar akwatin ya yi wani ɗan kuka, firij ya yi shiru.

Inna ta daina tsinke ganye.

"Kada a buɗe," in ji Kabo, ko da yake ba wanda ya tashi. Ya dafa murfin da tafin hannu, kamar mai tare ƙofa. Sanyin da ke ciki shi ne ya rage, kuma bai san tsawon lokacin da zai yi ba. Ya kasa kunne wajen hanya. Babur ya wuce, ba shi ba ne. Wani ya wuce, ba shi ba ne.

Wanda ya shigo, da ƙafa ya shigo. Ɗanmaliki ne, laka har cinya, takalmi ɗaya babu, akwatin a kansa cikin leda.

"Rafi ya kawo, Yaya. Na bar babur a ƙetare wurin masu shanu. Karɓa, wuyana."

Kabo ya karɓa. Ya kware ledar, ya ga sanduna cike har sama. Ya ƙirga su duk da haka. Ya soka firij, gurnani ya dawo. Sai a lokacin ya ɗaga murfin kaɗan, ya zaro 'yar kwalbar allurar ya ɗora a kuncinsa. Ya daɗe a haka. Ya miƙa wa Ɗanmaliki, shi ma ya ɗora a nasa.

"Da sanyinta," in ji Ɗanmaliki.

"Na ji," in ji Kabo. Ya mayar ya rufe. Ya dubi ƙafar ƙanensa. "Ina ɗaya takalmin?"

"Ruwa ya ci."

"Hm."

Inna ta ce wa bango a ɗora ruwan zafi, akwai mai wanka. Haulatu ce ta ɗora, a murhun gidan Kabo, aka zagayo da bokitin ta rumfa.

Tun daga ranar, haɗin akwatunan ya bi kwanon tuwo. Gidan da ya kawo wa Inna abinci, akwatinsa ake fara sha, ɗayan ya zauna na tsimi. Kabo ne ya kawo tsarin, kuma shi ke juya wayar da hannunsa, don bai yarda wani ya iya ba. Katangar na nan inda take. Rumbun shekarun baya kuwa, ba wanda ya sake tayar da zancensa, shi ma bai ce komai a kai ba. An dai ga wata kaka ya aika wa gidan Ɗanmaliki damin gero, bai faɗi dalili ba.

Yanzu gemunsa ya yi fari fat. Inna na nan tana shan allurarta, tana yi wa kaji magana. In ka shiga rumfar ka duba baƙar wayar nan, daidai inda ta shiga akwatin Kabo akwai ɗan zare ɗaure, ƙulli uku, na ukun a karkace. Kullum da safe yakan durƙusa ya duba shi, kafin ya juya wayar ya sake ɗaurawa. Har yau bai tarar an taɓa ba, kuma hakan na ɗan damunsa.