Harsashin Korbinian

Shekara arba'in da ɗaya Korbinian Stadler ya yi yana harba wa ƙungiyar maharban ƙauyensu ƙaramar bindiga, a kwance, daga mita hamsin. Mai gyaran agogo ne, kuma harsashi ma a wurinsa abu ne da ba ya son garaje. Wanda ya cika gudu sama yake bugawa, mai nawa ya faɗi ƙasa, wanda ya zarce gudun sauti kuwa sai ya yi ta rawa a hanya. Shi ya sa yake auna kowanne a sikelin shagonsa, ranar sanyi kuma ya zuba su a aljihun ciki, jikinsa ya ɗumama su.

Bara abin ya fara taɓarɓarewa. Ramukan harsashi da suka saba haɗewa wuri guda a takardar da yake harbi suka warwatse. Mutum biyar ƙungiya ke kaiwa gasar gunduma, shi ne na biyar, an kuma fara ƙus-ƙus ɗin cire shi.

"Harsashin yanzu ne, gudunsa bai daidaita ba," in ji shi. Sau uku yana sauya kwalin harsashi. Matarsa Resi ta ce ya fara zubar da shayi a riga, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Wajen taurin kai, Korbinian ba dama.

Wata Asabar ya matsa wa Wastl, mai kula da filin harbi, abokinsa tun suna makaranta, sai an ɗaure bindigarsa an gwada harsashin.

"Tsoho, rabu da wannan, zo mu ci tsiran nan da zafinsa," in ji Wastl.

"Ji ɗan yaro. Ɗaure ta kawai, yau kowa zai gani."

Suka ɗaure bindigar a jikin ƙarfe yadda ba za ta motsa ba, suka kafa na'urar auna gudu a gabanta. Harbi goma, gudun duk kusan ɗaya. Wastl ya ciro takardar: rami ɗaya tal, da ƙyar ɗan ƙaramin yatsa zai shiga.

Korbinian ya karɓa, takardar ta kama karkarwa a hannunsa. Kunya ta rufe shi, da wani baƙin ciki da ya san ba shi da magani. Wastl ya kawar da kai.

"Harsashin lafiyarsa ƙalau," Korbinian ya faɗa a hankali. Ya fito da ragowar daga aljihu, da ɗuminsu, ya zuba wa Wastl a tafin hannu. "Ka miƙa wa wanda zai maye gurbina. Ka gaya masa kada ya bari su yi sanyi."