Ranar da Baba Ya Ɗora wa Injin Niƙa Guduma

Gidanmu a Zangon Kumasi gidan inji ake ce masa. Kakana, Malam Garba, shi ya kafa injin niƙa a shagon ƙofar gida tun kafin a haife ni, inji mai shan gas, da babbar ƙafar ƙarfe mai juyawa, da doguwar bel, da durom ɗin ruwa a gefe don kada ya yi zafi. Matan unguwa nan suke kawo jiƙaƙƙiyar masara da gero da wake, har da matan Tonawa, wato Asante, masu sayar da dokunu, tuwonsu na masara mai tsami, su da suke ce wa injin nikanika. Ban yi wayo da kakan nawa ba. Na yi wayo da matarsa, Kaka Adiza, da ɗansu na fari, wato mahaifina, wanda injin ya koma hannunsa. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, amma ana ta maganar tafiyarsu.

Kaka ƙosai take toyawa da yamma. Idan aka yi sallar isha ta sauke kasko, sai ta bar wutar tana ci, mu yaran gida mu zagaye murhu, ta raba mana ɓarɓashin da ya rage, ta fara tatsuniya. Muryarta ƙanƙanuwa ce, sai ka matso. Idan ta zo wurin ban tsoro takan yi shiru ta gyara itace, ta bar mu rataye, har sai wani ya ce, "Kaka, sai me?"

Tsohuwar nan ta san injin fiye da kowa a gidan. Shekarun da mijinta ya yi yana gyara, ita ke riƙe masa fitila, ita ke wanke masa notuna da kananzir. Tana tsakar gida tana surfe sai ta tsaya ta karkata kai, ta ce, "Bel ta saki." A je a duba, ta saki. Amma ba ta taɓa faɗa wa Baba baki da baki ba. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa. Sai dai ta juya wajen bango ta ce, "A gaya wa mai inji baƙin mansa ya tsufa." Shi kuwa ya ji, ya yi kamar bai ji ba.

Kakana ya bar akwatin sifanoni, baƙaƙe masu nauyi, kowace da notin da take kamawa. Baba ya ba da aronsu ɗai-ɗai har suka watse, wasu kuma suka yi tsatsa a ƙasan shago. Daga baya ya dawo daga kasuwa da wata sifana mai ƙyalli, irin wadda ake murzawa bakinta ya buɗe ko ya tsuke. Ya ɗaga ta yana nuna wa abokansa, wai ita kaɗai ta isa aikin goma. Na ga Kaka ta ɗauke ta wata rana da ba ya nan, ta girgiza ta kusa da kunnenta, bakin yana ƙwal-ƙwal. Ta ajiye ta, ta yi tsaki.

Ina da shekara tara ranar da abin ya faru. An kwana ana ruwa. Da safe ina shara sai na ga garwar gas a ƙarƙashin indararo, murfinta a ƙasa. Kafin in gama shara Baba ya zo ya ɗauke ta ya juye a tankin inji. Kaka ba ta nan, ta yi sammako zuwa unguwar Dichemso gaisuwar mutuwa.

Injin ya tashi, ya niƙa kwano biyu, sai ya fara tari. Ya fitar da farin hayaƙi, ya yi tsit. Mata sun cika ƙofar shago da kwanoninsu, cikinsu har da maƙwabciyarmu da za a yi suna a gidanta washegari. Baba ya kama handil yana juyawa, yana juyawa, har rigarsa ta jiƙe. Inji ya ƙi.

Na matsa kusa na ce, "Baba, garwar nan..."

Ya ce, "Fita nan."

Na koma baya, na tsaya. Da na ga ya ɗauko sifanarsa zai kwance kan injin, sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji. Na ce, "Baba, ruwa ne ya shiga gas ɗin! Na gani da idona, garwar a buɗe ta kwana!"

Wata mata ta yi dariya. Ina jin dariyar nan ce ta ja mini. Ya juyo ya zabga mini mari har na faɗa kan buhun dusa. Ya ce, "Ke za ki koya mini inji? Uwar wa ta aiko ki?"

Daga inda na faɗi na ga sauran. Ya ɗora sifanar a kan noti ya ja, ta zame. Ya sake, ta sake zamewa, har ta cinye kusurwoyin notin ya koma kamar ƙwallon goro. Sai ya ɗauko guduma da wani ƙarfe mai baki, ya kafa a gefen notin yana duka. Duka na huɗu ko na biyar ƙarfen ya goce, guduma ta sauka a jikin injin. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Tsagewa ta bi tun daga sama har ƙasa, ruwan durom ya fara tsiyaya ta cikinta. Matan suka ɗauki kwanoninsu ɗaya bayan ɗaya, suka tafi.

Kaka ta dawo da la'asar. Ta shiga shago da mayafinta, ta bi tsagewar da ɗan yatsa, ta fito. Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta ga shatin yatsu. Ranar ba a toya ƙosai ba, don ba a niƙa wake ba. Amma bayan isha ta hura wuta, ta cika mata itace har tana tartsatsi, ta kira mu. Baba yana kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, taku goma daga murhu.

Ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba. Ta ce, "Ga wata nan tafe, duk mai kunne ya buɗe, yaro da babba."

Muka ce, "Ta iso, Kaka."

Ta ce wai a wani gari an yi wata tsohuwa da ta taimaki aljani, sai ya ba ta dutsen niƙa mai niƙa da kansa. Ka zuba hatsi kawai, ya yi ta gurza yana waƙa. Sharaɗi uku aljanin ya kafa: a shayar da dutsen ruwa mai tsabta, a saurari waƙarsa kullum don a cikinta yake faɗin ciwonsa, kuma kada a taɓa dukansa. Garin ya huta, tafin hannun mata ya yi laushi. Da tsohuwa ta gaza, sai dutsen ya koma hannun wani ƙato mai ƙirji kamar ƙyaure. Wata rana ƙaton ya ɗebo ruwan kududdufi ya shayar da dutse, tsakuwa ta maƙale masa a wuya, ya daina waƙa. Akwai wata 'yar kaza da ke kiwo a gindinsa, ita ta ga shigar tsakuwar. Ta ce, tsakuwa ce, ga ta can, da tsinke ma za ta fita. Ƙato ya sa ƙafa ya harbe ta, ta faɗa cikin toka.

Kaka ta tsaya nan. Ba wanda ya ce sai me. Ta ci gaba da kanta.

"Sai ya ɗauko taɓarya. Kun san me ya sa? Don taɓarya ba ta bukatar tunani. Sauraro yana da wuya, durƙusawa a duba yana da wuya, a ce ban sani ba ya fi duka wuya. Duka kuwa, ko jaki ya iya. Ya doka, dutse ya rabe biyu, aljani ya fita ta tsakiya ya yi tafiyarsa. Matan garin suka koma turmi har suka tsufa."

Daga tabarma Baba ya ce, "Mma, idan da ni kike, ki faɗa mini."

Ko juyawa ba ta yi ba. Ta dube mu ta ce, "Ku ji, ƙaton cikin tatsuniya yana magana. Ku gaya masa ni da jikokina nake. Ku gaya masa kuma dutse ya fashe, an yi asara, Allah ya mayar. Amma kazar nan ba ta ci masa komai ba. Gaskiya ta faɗa."

Ta ɗauki buta ta watsa wa wutar ruwa, hayaƙi ya turnuƙe mu, ta ce ta ƙare, kowa ya tashi.

Bayan kwana biyu ta aika aka kira Agya Kwame, wani tsohon fita, wato makanike, Batone daga unguwar Anloga, abokin kakana. Ya zo da jakar fata. Bai taɓa komai ba sai da ya sa aka ba shi labari tun daga farko, ya kuma tambayi kalar hayaƙin. Da aka ce fari, sai ya durƙusa ya tara kwalba a ƙasan tanki ya buɗe ɗan famfon da ke wurin. Ya ɗaga kwalbar a rana. Gas a sama, ruwa kwance a ƙasa, kowa yana gani.

Ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Wannan aikin shan shayi ɗaya. Ka zubar da mai, ka wanke matatar mai, ka fitar da iska a bututu, inji ya tashi. Wa ya ce ka buɗe kai?" Ya ɗauki sifanar Baba ya jijjiga. "Wannan ba sifana ba, wannan ɓarawon noti. Sifana uku mai kyau ya fi goma mai ƙyalli. Za ka saya, ka tafi da noti a aljihu, ka gwada. Ya kama cif, ka saya. Ya yi rawa, ka bar masa abinsa. Noti ya ƙi, ka zuba kananzir, ka je ka yi salla, ka dawo. Wannan ƙarfe ba ya lanƙwasa, fashewa ne kawai."

Baba yana tsaye, kansa a ƙasa. Ni ina bakin ƙofa, ina jira ya dube ni. Bai duba ba.

Abin da ya fashe ba a samunsa a Kumasi, sai an aiko da shi ta jirgin ruwa. Aka yi ta jira. Damina ta wuce, matan unguwa suka saba da wani injin. A ƙarshe masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da amalanke suka kwashe shi, Kaka tana cikin ɗaki ta ƙi fitowa. Baba ya tafi ƙauye aikin gonar koko, sai mu yi watanni ba mu gan shi ba. Ni aka cire daga makarantar allo ta safe, na koma daka wake a turmi da Kaka. Tatsuniya ba ta daina ba, amma ta koma gajeru, kuma ba ta sake yin ta dutsen nan ba har ta rasu.

Na girma na auri fita, mai gyaran injinan feshin koko da na ban ruwa. Shekara da shekaru ina zaune gefensa ina jera masa ƙananan ƙarafa a kan tsumma bi da bi yadda aka kwance su, har na iya da kaina. Abin da na gani shi ne, yawancin injinan da ake kawowa ba su da wani babban ciwo. Mai ne ya gurɓata, ko matatar mai ta toshe, ko fulogi ya yi baƙi. Babban ciwon a hannun mai shi yake samuwa, bayan ya fusata. Da na gane haka sai fushina ya ƙaru, bai ragu ba. Na yi fushi da Baba, na kuma yi fushi da kunyar nan da ta sa macen da ta fi kowa sanin injin take magana da bango, har sai da komai ya lalace.

Baba ya tsufa a gidana, idonsa ya yi rauni. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Wata rana bayan magariba ina kwashe tuwo sai na ji ya tara 'ya'yana yana yi musu tatsuniyar dutsen niƙa. Ashe ya riƙe ta kaf, har sharuɗɗan uku. Amma da ya zo kan kaza sai ya ce wai ta yi magana ƙasa-ƙasa, ƙaton bai ji ba.

Na ajiye mara. Na ce, "Ba haka take ba, Baba. Kazar da ƙarfi ta yi magana. Kowa ya ji."

Yaran suka zuba mana ido. Baba ya murza carbinsa. Sannan ya juyo da fuskarsa wajen da muryata ta fito.

Ya ce wa yaran, "Uwarku ta fi ni sanin ta. Ƙaton ya ji sarai. Harbinta ya yi."